Tattakin Najaf zuwa Karbala: in tafi da jakar barci ko in bar ta a gida?

Abu Haidar, Kano

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Allah ya girmama ladanmu baki ɗaya.

In Allah ya kai mu, bana ni da mahaifina za mu yi tattakin Arba'in, wato ziyarar cikar kwana arba'in da shahadar Imam Husaini (AS), daga Najaf zuwa Karbala. Biza ta fito, an yanki tikiti, saura kwana ashirin mu tashi. Daga ni har shi babu wanda ya taɓa taka ƙasar Iraƙi. Baba shekararsa 69, ni 43, kuma shekara huɗu muka yi muna tara kuɗin tafiyar nan, har da na shinkafar ranin da ya noma a Kura bara da bana. Ba na son wani sakaci nawa ya ɓata masa ziyarar da ya daɗe yana roƙon Allah ya nuna masa kafin ya bar duniya.

Abin da ya hana ni sakat kwana biyun nan shi ne jakar barci, irin bargon nan mai zif da mutum ke shiga ciki kamar buhu ya ja har wuya. Ina da guda ɗaya, kuma bari in faɗa muku dalilin da ya sa na saye ta, don ku gane me ya sa barinta yake min wuya.

A watan Disamban 2014 mun yi tattakin Arba'in da Baba daga Kano zuwa Zariya. Hunturu ne sosai a shekarar. Wani dare, bayan mun wuce Kwanar Dangora, aka sauke mu a wani ajin firamare da babu ko murfin taga ɗaya, ƙasa siminti ne tsirara. Abin da muke da shi sallaya ce da wani siririn mayafi. Wajen ƙarfe biyun dare na farka na ji haƙoran Baba suna kaɗawa, ya dunƙule wuri ɗaya, gwiwa a ƙirji, amma bai tashe ni ba. Na tuɓe rigata ta sama na naɗe masa ƙafafu, na zauna na jingina da bango ta wajen tagar don in tare masa iska har aka kira assalatu. Ya ƙarasa tattakin, amma da muka dawo gida mako uku ya yi yana fama da ƙirji. Tun daga ranar na ɗaukar wa kaina alkawari ba zai sake kwana a hanya babu abin rufa na kirki ba muddin ina tare da shi. Da na ga jakar barcin nan a wajen 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai ban ko tsaya dogon ciniki ba.

To ga inda gizo ke saƙar. Na kai ta sikelin mai sayar da gas na unguwarmu, kilo 1.7 ce. In na naɗe ta na tura cikin jakar goyo, ita kaɗai take cinye kusan rabin jakar. Kuma ni zan ɗauki kayanmu mu biyu, don Baba gwiwarsa ta dama ba ta son nauyi, sandarsa kawai zai riƙe. Na haɗa komai na auna: kayan sawa kala uku-uku, tawul, sabulu, silifa, maganinsa na hawan jini da na gwiwa, tocila, fawa bank, gorar ruwa, ɗan garin kunu da ƙuli-ƙuli, littafin ziyara, da jakar barcin. Kilo tara da ɗoriya. Ranar Asabar na goya ta na taka daga gida har gadar Tamburawa don in gwada kaina. Ƙafa ba ta ba ni matsala ba, amma kafaɗuna har yanzu ciwo suke, igiyar jakar ta yi min shati ja a wuya.

Mai ɗakina ta ce in bar ta, wai wa ke rufa da bargo a watan Agusta. Jagoran tawagarmu ma ya ce kar kowa ya wuce kilo biyar. Na ji su, amma da zarar na ciro ta daga jakar sai daren nan na Kwanar Dangora ya dawo min sabo, in sake mayar da ita. Sau uku ke nan.

Waɗanda suka taɓa zuwa, don Allah ku gaya min gaskiya. A ina ake kwana a hanyar nan? Akwai abin rufa ko kowa da nasa yake zuwa? Da gaske ne babu sanyi ko da asuba? Sannan idan an isa Karbala kanta fa, da wannan taron da muke gani a bidiyo, tsoho zai samu inda zai sa haƙarƙarinsa?

Baban Sajida, Zariya

Wa alaikumus salam. Malam Abu Haidar, Allah ya saka maka da alheri kan yadda kake kula da Baba, Allah ya ba ka masu yi maka. Na je a 2023, na koma a 2024, kuma amsata ita ce ka bar ta a gida. Amma kar ka tafi hannu rabbana, zan zo kan wannan.

Wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma ma gudu yake. Sanyin Disamban 2014 kake yi wa shiri, alhali Agustan Iraƙi za ka tarar. Arba'in 20 ga Safar ce, kuma kowace shekara tana matsowa baya da kwana goma zuwa sha ɗaya a lissafin bature. Wancan karon ta faɗo tsakiyar hunturu, a 2023 farkon Satumba, a 2024 ƙarshen Agusta. Da rana zafi yana haura digiri 45, wani lokaci ya doshi 50. Da dare ma da ƙyar yake sauka ƙasa da 30. Zafin watan Afrilu na Kano ka tuna, ka ƙara masa, sannan ka cire inuwar darbejiya.

Wannan zafin ne ya juya tsarin tafiyar gaba ɗaya. Mu bayan sallar asuba muke kama hanya, mu yi ta tafiya zuwa wajen ƙarfe tara ko goma, sai mu nemi maukibi, wato masaukin da ake ciyar da masu ziyara a kwantar da su kyauta, mu kwanta. Ba ma sake fitowa sai bayan la'asar, mu yi magariba da isha a hanya, mu ci abinci, mu ci gaba har sha biyu ko ɗayan dare, sannan mu ɗan runtsa. Ka ga ke nan rabin barcinka da rana tsaka za ka yi shi.

Hanyar kilomita 80 ce ko kusa da haka. Falwayoyin fitila da ke kan titin duk an sa musu lamba, su ake kira amudi, daga 1 har 1452, tsakanin kowane biyu mita 50, wato amudi 20 kilomita ɗaya ke nan. Abin da ba a cika faɗa wa sababbi ba shi ne lambar ba daga haramin Imam Ali (AS) take farawa ba. Sai ka yi tafiyar kusan awa biyu a cikin garin Najaf kafin ka ga amudi na 1. Ka sa wannan a lissafin ƙafar Baba.

Tun daga nan har Karbala mawakib (jam'in maukibi) ne a jere, wani na manne da wani. Wasu tantuna ne, da yawa kuma gine-gine ne na bulo, husainiyyoyi, wato zaurukan taron tunawa da Imam Husaini (AS), masu banɗaki da wurin wanka. Na farkon da na shiga a 2023, wajen amudi na 200 da wani abu, zaure ne dogo da zai ɗauki mutum ɗari biyu. An shimfiɗe shi da kafet, katifun soso a jere bango zuwa bango, a lungu kuma an jibge barguna da matasai sun fi tsayina. Wani yaro da bai wuce shekara goma ba ya karɓi takalmana ya sa a leda ya miƙo min, wani dattijo ya nuna min katifa ya jawo bargo da kansa ya ajiye min. Ko sisi ba a karɓa. In ka ciro kuɗi ma ransu ɓaci yake yi.

To a nan ne sanyin yake, kuma shi ne ban yi tsammani ba. Na'urar sanyaya ɗaki suke kunnawa har ƙarshe, wasu wuraren kuma irin manyan fankokin nan masu hura iskar ruwa. Ka shigo daga rana jikinka sharkaf da gumi, ka kwanta saitin na'urar, bayan awa ɗaya ka farka kana rawar ɗari. Ni a tafiyar farko mura da tari na kawo tsaraba. Bargunansu kuma masu kauri ne irin na hunturu, in ka rufa ka jiƙe da zufa, in ka yaye ka ji sanyi. Abin da ake bukata shi ne wani abu tsaka-tsaki, zanin gado na auduga mara nauyi, da safa, da 'yar hula. A 2024 da su na je, lafiya lau na dawo.

Batun nauyi kuwa, kilo tara ya yi yawa ƙwarai. Ka zubar da garin kunu da ƙuli-ƙuli daga lissafi, abinci sai ka ture: shinkafa da miyar ƙima, falafil a cikin burodin samun, dabino da man riɗi, kankana, shayi baƙi mai sukari a 'yan ƙananan kofuna, ruwan sanyi a kowane taku. Kaya kala biyu-biyu sun isa, akwai masu injin wanki a hanya, kuma riga in ka shanya minti talatin ta bushe ƙayau.

Maman Ruƙayya, Maraɗi

Salamu alaikum. Ɗan'uwa, labarin Baba da rigar da ka naɗe masa ƙafa ya sa ni hawaye. Allah ya yi maka albarka.

Ni na je da yayata a 2024. Abin da Baban Sajida ya faɗa haka yake, sai dai in ƙara abu ɗaya da mu mata muka fi lura da shi. Bargunan nan ba laifin masu maukibi ba ne, iya ƙoƙarinsu suna yi, amma bargo ɗaya mutum nawa ne ya rufa da shi a cikin kwana goma? Wannan ya tashi, wancan ya kwanta, kowa da guminsa da tarinsa. Matashin ma haka. Ga tsoho mai raunin ƙirji, gara a ce akwai wani abu nasa tsakanin jikinsa da shimfiɗar.

Abin da na yi, atamfa ta auduga na samu wadda ta sha wanki ta yi laushi, na kai wa tela ya ninka ta biyu ya ɗinke ƙasa da gefe ɗaya, ɗaya gefen ya ɗinke shi zuwa gwiwa kawai ya bar sauran a buɗe. A sama ya yi mata aljihu mai faɗi da nake tura matashi ciki. Ta zama jakar barci ke nan, amma in na naɗe ta ba ta fi burodi ɗaya girma ba. In wurin da sanyi na shiga ciki na ɗora bargonsu a kai, in da zafi na kwanta a kanta. Fasfo da kuɗi da waya kuma a can ƙasa wajen ƙafafuna nake zuba su in yi barcina hankali kwance. Sabuwar atamfa mai kauri ba ta yi, tana riƙe zafi. Leshi ko yadin roba kuwa kar ma a fara.

Sannan akwai kwanan gida. Da yamma za ka ga mutane tsaye a bakin titi suna kiran "mabit, mabit", wato suna neman baƙin da za su kai gidajensu su kwana. Mu a wajen Haidariyya, garin da suke ce wa Khan al-Nus don shi ne kusan tsakiyar hanya, wani saurayi ya tare mu yana roƙo kamar zai yi kuka, har da dafa ƙirji. Muka shiga motarsa mu shida. Da muka isa, mahaifiyarsa ta rungume mu ɗaya bayan ɗaya, ba ma jin yarenta ba ta jin namu. Ta karɓe abayoyinmu ta wanke da daren, ta kawo ruwan ɗumi da gishiri a roba ta ce mu tsoma ƙafa. Ɗakin da suka ba mu na amaryar ɗanta ne, zannuwan gado sababbi fil, da ƙamshin turare. A gidan ban ciro atamfata ba sam. Na ga yadda matar nan take gyara shimfiɗar da hannunta tana shafawa, na san in na shimfiɗa nawa a kai zai zama kamar na ce nata bai yi min ba. Ka yi tunanin ka zazzage ƙatuwar jakar barci a tsakar ɗakin mutumin da ya yi shekara yana tara kuɗi don ya sauki baƙon Imam Husaini (AS).

In an yi muku tayin mabit ku karɓa, musamman saboda Baba. Zai samu wanka a natse da banɗakin da babu layi. Ka dai rubuta lambar amudin da aka ɗauke ku, don a nan za su mayar da ku da asuba.

Alhaji Na-Fagge

Ni ban yarda a ce masa kawai ya bar ta ba tare da ya ji ɗaya ɓangaren ba. Na yi tattakin nan a farkon Disamban 2015, kuma wallahi jakar barci ce ta rufa min asiri. Sanyin hamadar Iraƙi da dare ba wasa ba ne, ya fi na Zariya cizo. Dare na biyu muka makara, duk maukibin da muka leƙa ya cika maƙil, barguna sun ƙare. A bayan wani tanti muka kwana a kan kwali. Abokin tafiyata da ba shi da komai bai runtsa ba, wajen masu dafa shayi ya koma ya zauna gaban wuta har gari ya waye.

Na sani yanzu lokacin zafi ne, kuma sai an yi shekara goma sha biyar ko fiye kafin Arba'in ta sake komawa cikin sanyi. A kan sanyi na sallama. Amma tambayarsa ta ƙarshe babu wanda ya amsa, wato Karbala. Hukumar haramin Abul Fadl Abbas (AS), ɗan'uwan Imam Husaini (AS), ta ƙirga mutum fiye da miliyan 21 a Arba'in ɗin 2024. Garin ba zai iya ɗaukar wannan ba. Kwana biyu kafin ranar, duk wata husainiyya da otal da rumfa a cike suke, mutane a gefen titi suke kwana, a ƙarƙashin motoci, a bakin shaguna. In tawagarku ba ta kama masauki tun da wuri ba, Baba a ƙasa zai kwanta, kuma atamfa ba ta hana tsakuwa cin haƙarƙari. Ko ba don rufa ba, jakar barci shimfiɗa ce. Ka tambayi jagoranku tun yanzu, ƙarara: a Karbala ina za mu sauka, an biya ko ba a biya ba, tafiyar minti nawa ce zuwa harami? In ya fara kame-kame, ka nemi abin shimfiɗa.

Ɗalibi daga Ƙum

Alhaji ya yi gaskiya a kan Karbala, amma ina ganin maganin ba jakar barci ba ce. Mu daga nan Iran ta iyakar Mehran muke shiga kusan kowace shekara, kuma na sha kwana a fili, a iyakar da kuma cikin Karbala. A wannan lokacin kwalta da siminti suna shan rana yini guda, har ƙarfe ɗayan dare in ka dafa ƙasa za ka ji ta da ɗumi kamar bayan tanda. Na taɓa ganin wani ɗan Pakistan ya shimfiɗa irin jakar nan ya kwanta a kai, yadinta na roba ne mai santsi, kafin awa ɗaya bayansa ya jiƙe, ya tashi ya naɗe ta ya yi matashi da ita. Kuma audugar cikinta in ka hau kai lotsewa take, ba ta tare tsakuwa yadda ake zato.

Abin da nake ɗauka shi ne siririyar tabarmar soso mai naɗewa, wadda nauyinta bai kai na gorar ruwa ƙarama ba. A wajen jaka ake ɗaure ta, ba ta cin wuri. Ita ce shimfiɗa, ita ce sallaya, ita ce wurin zaman Baba duk inda gwiwa ta ce a tsaya. A kasuwar da ke kusa da harami a Najaf ma ana samunta, ba sai ka ɗauko daga Kano ba.

Wata dabara kuma, 'yan Iraƙi da yawa ba sa goya kaya. Kwandon roba irin na 'ya'yan itace suke ɗaura wa igiya su riƙa ja a kan kwalta, wasu kuma keken tura jarirai suke zuba kaya a ciki. Ƙarar kwandon tana da damuwa, kuma cikin cunkoso yana harɗe ƙafafun mutane, amma in kafaɗa ta gaza a rana ta biyu ka san akwai wannan mafitar.

Shawarata ta ƙarshe, kar ku kai ranar Arba'in ɗin kanta kuna hanya. Ku isa da kwana biyu ko uku, ku yi ziyara, Baba ya samu shiga Bainal Haramaini, filin da ke tsakanin haramin Imam Husaini da na Abul Fadl (AS), kafin a kai inda ko tsayuwa gagara take.

Ummu Ali, Kaduna

Ni ma'aikaciyar jinya ce, na je a 2023 da mahaifiyata, lokacin tana da shekara 66. Malam, ka yi haƙuri in faɗa maka kai tsaye: abin tsoro ga Baba a tafiyar nan zafi ne, ba sanyi ba. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar yaro, kuma irin su Baba da ka ce ko haƙoransa na kaɗawa bai tashe ka ba, ba zai ce maka ya galabaita ba sai ya faɗi. Kai za ka riƙa lura. In ka ga ya rage magana, ko yana haɗa hanya, ko ya yi awanni bai nemi banɗaki ba, ko fitsarinsa ya yi ja, ku tsaya nan take a shiga inuwa.

Kafin ku tashi ka kai shi wurin likitansa da kwalayen maganin hawan jinin a hannu. Wasu magungunan suna sa yawan fitsari, kuma a irin wannan zafin likita ne zai ce a ci gaba yadda ake sha ko a gyara. Haka maganin gwiwa, in irin masu kashe zafin ciwo ne da ake saye a kemis, shansu kullum cikin rashin ruwa a jiki yana taɓa ƙoda. Ka tambaya. Ka sa a rubuta maka sunayen magungunan a takarda da turanci, ka saka a aljihun rigarsa tare da lambar wayarka da ta jagora.

Wannan kilo 1.7 ɗin da za ka rage, ka mayar da kaɗan daga ciki zuwa ƙunshin gishiri da sukari na ORS kamar guda goma, man basilin na shafa wa tsakanin yatsu da cinya, filasta saboda bororo, takunkumi saboda ƙura, da lema ƙarama. Akwai tantunan likitoci a hanya jefi-jefi, suna duba jini su ba da magani kyauta, amma naka na hannu ya fi kusa.

Game da sanyin na'ura, abin da ya cece mu da Mama shi ne duk inda muka sauka, kafin ta kwanta sai ta cire rigar da ta jiƙe ta sa busasshiya, sannan mu nemi katifa nesa da bakin na'urar. Jiƙaƙƙiyar riga a ƙarƙashin iska mai sanyi ita ke sa mutum rawar ɗari. Ka sa masa rigar sanyi marar nauyi guda ɗaya, ta wadatar.

Kuma ka shirya zuciyarka tun yanzu cewa wataƙila ba zai taka duka 80 ɗin ba. Titin motoci yana gefen na masu tafiya, ana samun mota. Mama ta taka kusan amudi 500, muka hau mota zuwa kusa da gari, ta sauka ta ƙarasa da ƙafarta tana kuka tana salati. Kullum da safe ku tsayar da lambar amudin da za ku haɗu in an rabu, don waya tana yawan ƙin shiga saboda cunkoso.

Abu Haidar, Kano

Allah ya saka muku da alheri, ya sa Sayyida Zahra (AS) ta cece ku. Na karanta kowace amsa fiye da sau biyu.

Jiya Juma'a na je Kura na karanta wa Baba duka a waya, muna zaune a ƙofar gida bayan la'asar. Da na zo wurin matar Haidariyya da ta kawo ruwan gishiri, sai ya sa hannu ya rufe fuska, ya daɗe bai ce komai ba. Daga baya ya ce in bar jakar, wai shi baƙo zai je, kuma baƙo ba ya zuwa gidan karimi da tabarmarsa a kai. Na ce masa tabarma dai sai mun saya a Najaf saboda maganar Alhaji, ya ce wannan ni da Alhaji. A nan ne kuma ya gaya min abin da bai taɓa faɗa ba, cewa a daren Kwanar Dangora idonsa biyu lokacin da na zauna a bakin taga, ya yi shiru ne don ya san in ya ce in kwanta ba zan ji ba.

Alhaji, na kira jagoranmu na yi masa tambayoyinka guda uku. Ya ce an kama gida a Karbala tare da wata tawaga, tafiyar kusan minti arba'in zuwa harami, amma mutum goma sha biyu ne a ɗaki. Don haka tabarmar soso tana cikin lissafi. Ummu Ali, ranar Talata za mu ga likita, na riga na haɗa kwalayen a leda. Maganin gwiwar kuwa a kemis yake saye, kullum biyu yake sha, ban taɓa kawo komai a raina ba sai da kika faɗa.

Yau da safe na cire jakar barcin, da garin kunu, da kala ɗaya-ɗaya na kaya, da tocila tunda akwai ta waya. Mai ɗakina ta ba ni tsofaffin atamfofinta biyu, suna wurin tela. Na koma wurin mai gas, kilo biyar da rabi, kuma in atamfofin da maganin suka shiga ba na jin za ta wuce shida. Jakar barcin na ba ƙanena da ke gadin dare a wani kamfani a Sharaɗa, hunturu na zuwa.

Maman Ruƙayya, tela yana tambaya: Baba dogo ne, ya kusa kai ƙofa. Tsawon nawa za a yanka, kuma buɗaɗɗen gefen dama za a bari ko hagu?

Maman Ruƙayya, Maraɗi

A auna tsayinsa a ƙara kamu biyu, ban da aljihun matashi. Faɗin kuma kar tela ya matse, ya bar yadda zai iya naɗe gwiwa a ciki. Tunda ta dama ce mai ciwo, a bar buɗewar ta dama, har ƙasa da gwiwa kaɗan, don ya riƙa fito da ƙafar ba sai ya tanƙwara ta ba in zai tashi alwala. A yi ɗinki biyu a ƙasan, nawa a nan ya fara farkewa. In kun isa gaban Abul Fadl ku sa ni da yayata a addu'a, tana kwance ba lafiya tun bayan salla.